Matar da Nake Kira Mama a Inbos

Salama a gare ku 'yan'uwa mata na wannan gida. Adimin, ki taimaka ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, ko abinci ba ya wuce mini.

Ni tela ce, ina da ɗan shago a Kafanchan, kuma an sa bikina watan Disamba. Mamana ta rasu tun ina sakandare, babana ne ya riƙe mu. Bara waccan na yi tambaya a wani guruf na girke-girke, na ce wa zai koya mini gwaten acca irin na ƙauye mai yakuwa da gauta, don na yi ta gwadawa ba ya fitowa kamar na mamana. Aka yi ta yi mini dariya, wai ƙatuwar budurwa ba ta iya gwate ba. Mace ɗaya ce ta rubuta, 'yata ki biyo ni inbos. Zan kira ta Mama Saratu, amma ba sunanta ba ne.

Daga gwate hira ta zarce. Tana wani ƙauye ne bayan Zonkwa, tana noman citta. Tun farko ta gaya mini idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, ita take faɗa, 'yarta Rifkatu take rubuta mata, na ce ba komai. Wani lokaci takan hau dutsen da ke bayan cocinsu inda ake samun sabis ta kira ni, mu yi ta surutu har katinta ya ƙare. Sau ɗaya ta zo Kafanchan, ta kawo mini acca da citta a ƙullin leda, ta zauna a bencin shagona, ta kama fuskata da hannu biyu ta ce kai, wannan yarinya ba kya cin abinci ne? Ranar da ta tafi na rufe shago na sha kuka, don rabon da wani ya yi mini irin wannan faɗan tun mamana na da rai.

Farkon daminar bana kira ya tsaya. Aka ce mini sifikar wayar ta lalace, daga baya kuma wai tari ya dishe mata murya. Ban kawo komai a raina ba, saƙo kuwa bai taɓa yankewa ba. A lokacin ne babana ya samu shanyewar ɓarin jiki, muka kwanta a asibiti. Kullum da safe in na buɗe waya saƙonta na nan, addu'a, da tambayar ko na karya. Ita ta koya mini yadda zan riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Da muka yi wani mummunan faɗa da Yakubu, wanda zan aura, har na ce na fasa, ita ta lallashe ni, ta ce gajiya ce ke magana ba ni ba, in yi barci tukuna. Abubuwan da ban taɓa gaya wa kowa ba duk na zuba su a wannan inbos.

Da aka sa rana sai na roƙe ta ta zauna mini a kujerar uwar amarya. Sai ta rubuta, Allah ya kai mu. Ni kuwa na ɗauka ta yarda. Na gaya wa fasto, na gaya wa zumuntar mata, na gaya wa surukaina cewa ni ma ina da uwa, za su gan ta. Na ce ta turo mini awonta, aka turo. Na sayi leshi, na zauna na ɗinka mata riga da zane da hannuna, ban bar ko ɗaya daga cikin masu koyo ta taɓa ba.

Ran Asabar da ta wuce na ce bari in yi mata bazata. Na sa kayan da na ɗinka a leda, na shiga mota zuwa Zonkwa, na hau mashin har ƙofar gidan. Kun san mu a nan a gida muke binne manyanmu. Ina shiga, gefen bishiyar lemo, sai ga kabari an yi masa siminti, ga sunanta, ga hotonta, wannan hoton dai da ke kan akawun ɗinta. Na karanta watan da aka rubuta, farkon damina. 'Yan'uwa, na zauna a ƙasa da ledar kayan a cinyata.

Rifkatu ta dawo daga gona da kwanon citta a ka, tana ganina ta gane ni, kwanon ya faɗi. Ni ban san ina da irin wannan bakin ba. Na kira ta maƙaryaciya, na kira ta muguwa, na ce ta mai da ni mahaukaciya ina hira da kabari. Ba ta rama ba, ta durƙusa tana kuka, matar da ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta ce ranar da Mama ta cika, ta ɗauki wayar za ta sanar da ni, sai ta tarar da saƙona ina cewa an kwantar da babana, Mama ke kaɗai kika rage mini. Ta ce hannunta ya kasa. Ta ce bari babana ya samu sauƙi tukuna, daga nan kuma kullum abin sai ƙara nauyi yake. Awon da ta turo, tsohuwar rigar Mama ta auna. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ta ce, ita ma in ta zauna tana rubuta mini irin maganar Mama, sai ta ji kamar tsohuwar tana gefenta tana faɗa mata.

Na bar kayan a kan kabarin na fito, ko ruwan gidan ban sha ba.

Abin da ke cin raina, an binne matar da nake kira uwa ban zo ba, ban sa ankon jana'izarta ba, ban zuba mata ƙasa ba. Wa ya ba Rifkatu ikon hana ni wannan? Amma kuma da na koma na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, sai na ga duk maganar da ta riƙe ni a asibiti, duk wadda ta hana aurena watsewa, bayan rasuwar aka rubuta su. Ke nan wadda nake zagi ita ce ta ɗauke ni a lokacin da na fi kowa nauyi.

Yakubu ya ce damfara ce ko ba a karɓi komai ba, in toshe ta kawai. Gwaggona ta ce maganina ke nan, wa ya aike ni neman uwa a waya, ita ba mutum ba ce? Alhali ita ɗin ko sau ɗaya ba ta leƙo mu a asibiti ba. Surukaina har yanzu ba su sani ba, jiya ma uwar Yakubu take tambayata yaushe Mama za ta iso a gyara mata ɗaki.

Rifkatu ta turo saƙo da lambarta, karon farko da sunanta. Ta ce ba ta isa ta zama uwata ba, amma in na yarda za ta zo a matsayin yayata, in kuma ban yarda ba ta fahimta, ba zan ƙara jin ta ba. Na karanta, ban amsa ba.

To 'yan'uwa, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini zafi. In kira ta ta zo ta zauna a wannan kujera, ina kallon fuskar da ta ɓoye mini mutuwar Mama? Ko in toshe ta, in shiga coci ranar aurena kujerar tana nan ba kowa, in yi rashin uwa da 'yar'uwa a lokaci ɗaya?