Hoton da Ban Ɗauka Ba a Ƙofar Mashayar Zalwango

Mengo, Litinin da safe

Zuwa ga Nabbosa, sanyin ganyen ayaba bayan ruwan safe, farin furen kofi mai tsayar da mai wucewa da ƙamshinsa, hasken da nake auna kowane haske da shi shekara hamsin da biyu!

Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ne ya fara gardama. Jiya a coci na ji cewa ɗanki ya zo daga Kanada, ran Juma'a zai tafi da ke. Juma'a, Nabbosa! Tun da na ji, ko lomar ayaba ban ci ba. Wane irin jirgi ne zai ɗauke wata daga saman tudun Mengo, ya bar mu da fitilun titi?

Wata guda ke nan ina bin lungunan tudunmu da tsohuwar kyamarata, ina ɗaukar abin da ya saura kafin a gama rushewa. Na ɗauki gangaren da ruwa ya zaizaye jar ƙasarsa. Na ɗauki mashayar Gurgu Lutaaya, wadda ta koma shagon waya. Na ɗauki benci uku da tulun malwa, giyar tambar nan da iyayenmu ke kewayewa da dogayen karan zuƙa suna yi wa juna ƙarya. 'Yan acaɓa har sun san ni: "Kaka, juyo nan ka ɗauke mu, bango ba ya murmushi!" Fim ɗaya gare ni, mai hoto talatin da shida. Na ɗauki talatin da biyar. Na ƙarshen na hana kowa.

Mashayar innarki Zalwango ce kaɗai ban ɗauka ba. An shafa mata jan fenti a bango, ran Alhamis motar rusau za ta zo.

Kin tuna ƙofar nan? Kin fito cikin gomesi, shuɗiyar doguwar rigar nan mai tsayayyun kafaɗu, hannunki jiƙe da ruwan wanke tulu, kika ce, "Kai mai akwatin hoto, kullum gidaje da karnuka kake ɗauka, mu ba mutane ba ne?" Na tsayar da ke a dokin ƙofa. Na ce ɗaga haɓa, na ce juya kaɗan, na ce a'a, dawo. Masu sha suna ta ihu daga ciki: "Yosiya, hoto kake ɗauka ko awon amarya?" Kika yi dariya, rana ta sauka a kumatunki kamar yadda take sauka a kan tafki da hantsi, na danna.

Ya sanyin idona, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: babu fim a ciki. Na ƙarar da shi a wani biki tun da safe. Na tsayar da ke ne don kawai in samu damar kallonki ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Kika yi ta tambaya, "Ina hotona, maƙaryaci?" Na ce ana wanki. Na ce bai bushe ba. Rannan kika daina dariya kika ce, "Ranar da ka kawo shi, ranar zan kai ka wajen gwaggona a fara maganar aure." Me ya hana in ce mu sake? Girman kan ɗan shekara ashirin da huɗu! Na ga in na faɗi gaskiya, ƙarya goma ce za ta tonu. Na yi ta jinkiri, har malamin nan na garin Masaka ya riga ni zuwa wajen gwaggo, ya aure ki. Allah ya ji ƙansa, na ji ya riƙe ki da kyau. Amma an ce kin zaci hoton ne bai yi kyau ba, na ɓoye don kada ki ji kunya. Wayyo! Ke?

Ga roƙona. Jibi Laraba, ƙarfe goma, rana ke faɗowa daidai kan ƙofar, kafin sha ɗaya inuwar sabon benen da ke kusa ta cinye ta. Ki zo ki tsaya. Ba na neman aure, ba na neman ki fasa tafiya. Likita ya hana ni hawa tudu, ya ce zuciyar ba za ta ɗauka ba, kuma babur ba ya wuce gindin matakalar da ke kaiwa mashayar. Mataki sittin da huɗu ne, na ƙirga daga ƙasa. Zan fara hawa tun takwas, ina hutawa, don kada ki riga ni.

In kin tarar da ni zaune ina haki, kada ki tsorata, ki ba ni minti biyar. In sha ɗaya ta yi ba ki zo ba, zan ɗauki ƙofar haka nan, wayam, in san hukuncina ke nan. In kuwa ni ne ban iso ba, ki leƙo matakalar.

Wannan karon akwai fim, Nabbosa. Sau uku na duba.

Naki tun daga wancan hantsin har numfashin da zai rage mini a mataki na ƙarshe,

Yosiya Ssebuliba, mai akwati