Shamuwa Ta Sauka a Tsamiyarmu

Malam,

Gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta zo hannunka ba, amma idan ban rubuta ba cikina zai fashe.

Shamuwa ta iso. Ka ji? Ba a bayan gari ba, inda kake zuwa kana yage riga a ƙaya. A kan tsamiyar tsakar gidanmu ta sauka, ranar Talata da hantsi, ina tankaɗe.

Tun shekarar da aka sauke tutar Turawa, Baturen gona ya bar maka madubin hangen nesa ya tafi ƙasarsu, ban ƙara samun kanka ba. Kai da amininka Alhaji Isaka kuka ɗora wa kanku gasa: wanda ya fara ganin shamuwar damina ya nuna wa ɗan'uwansa, shi ya ci goro. Kowace shekara shi ke ci. Kai kuwa ka dawo da ciwon wuya, tuwo ya huce, kana ba ni labarin tsuntsaye kamar danginka ne. Ka tilasta mini koyon riƙe madubin nan, ina zumɓura baki. Yanzu ga shi ko shanya zan yi sai na ɗaga kai sama. Wa ya roƙe ka?

Da na ga shamuwar nan, wallahi na manta ina takaba. Na taka turmi, na leƙa ta katanga, na ƙwala wa Alhaji Isaka kira har sai da rabin unguwar Tishigu suka ji. Kafin ya nemo takalminsa ya ƙaraso, ta tashi. Ya tsaya a zaure ya aiko da saƙo wai ƙa'ida ƙa'ida ce, sai abin da idonsa ya gani. Washegari ya hango tasa a hanyar Kasalgu, ya yi ta yawo yana cewa bana ma shi ne, Allah Ya ji ƙan abokinsa. Ko kunya!

Yayarka Mma Sanatu kuwa har yau ba ta amsa gaisuwata. Tana cewa mai takaba ta hau turmi tana kiran namiji saboda tsuntsu. Me zan ce mata? Cewa sau ɗaya tak na so a ce kai ka ci?

Haushinka nake ji, Malam. Shekara da shekaru kana bin shamuwa daji, sai da ta zo har gidanka ka rasa haƙurin jira. Me ya yi zafi?

Ƙaninka ya nemi madubin wajen rabon kaya, na hana. Na kuma aika wa Alhaji Isaka ya tanadi goronsa, fari nake so. Baɗi ba takaba a kaina, kuma da sunana zan shiga gasar, ba da naka ba.

Ka huta lafiya.

Matarka da ka bari da ciwon wuya,
Azumi