Yayata Ta Ce Zuciyarta Na Tashi, Aka Ba Ta Maganin Olsa

Zuwa ga Shugaban Likitocin da ke binciken bugun zuciya a babban asibitinmu na Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Ni mazauniyar Makera ce, ban saba ɗaga murya ba. Sai dai tun da sojoji suka koma bariki aka ce talaka na iya magana, kuma tsoro ya kai ni inda shiru ba zai yiwu ba.

Na farko. Mun ji a rediyo cewa kuna gwada sabuwar hanyar gane bugun zuciya da wuri, da awon jini da wayoyin da ake manna wa mutum. Muka yi murna. Da azumin bana ya wuce, yayata Hajara ta tashi tana zufa, kafaɗarta ta hagu ta yi nauyi. Maƙwabciyarmu Maman Bulus ta samo mota, muka haye gada muka zo.

Na biyu. A bakin ƙofa akwai saurayin da ke tantance wanda za a auna. Tambayarsa ɗaya ce: "Mama, ƙirjinki na ciwo?" Ranka ya daɗe, mace irin Yaya ba za ta ambaci ƙirjinta ga sa'an ɗan cikinta a gaban layin maza ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Zuciyata ce ke tashi." Zuciyar ta ambata da bakinta, amma a Hausa wannan amai ake nufi. Ya nuna mana layin masu ciwon ciki. Aka ba ta farin ruwan maganin olsa. Muka koma gida. Kafin la'asar Yaya ta cika a tsakar gida. Daga baya wani likitanku ya ce mana alamun nan na bugun zuciya ne. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani, kuma ba na ɗaukar alhakin yaron. Abin da aka koya masa ya tambaya.

Na uku, shi ne ke hana ni sukuni. Yanzu ni ma in na ɗauko bokiti sai zufa ta karyo min, haɓata ta riƙe, zuciyata ta tashi. Na koma wurinku. Tambayar dai ita ce. Na ce a'a, don ba ciwo nake ji ba, nauyi ne, kuma ba zan yi ƙarya ba. Aka sallame ni. Ko sujada na yi sai in ji tsoron ɗagowa. Ni ke riƙe da marayun Yaya.

Roƙona: a zaunar da mace a teburin tantancewa na bakin ƙofa, a bayan labule. A ƙara tambaya kan zufa da kafaɗa da haɓa. Duk wadda ta manyanta ta ce zuciyarta na tashi, a auna ta kafin a tura ta layin ciki. In ba haka ba, bincikenku zai ce matan Kaduna ba sa bugun zuciya, alhali a gida muke mutuwa.

Zan sake zuwa ranar awo mai zuwa, in Allah ya kai ni. Amsata ba za ta canza ba. Don Allah tambayar ta canza.

Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a aikinka, ya jiƙan magabatanka.

Wassalam.

Rabi, ƙanwar marigayiya Hajara,
Makera, Kaduna.