Adda, Sakamakon Gwajinki Yana Hannuna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara da dukiya, a duk inda kuka yada zango.

Adda, ba zan rubuta sunanki na yanka ba, don maganar taki ce, ba ta duniya ba. Amma na rasa hanyar samun ki. Ba ki da waya, lambar maigidanki kuma ta daina shiga. Shi ya sa na ajiye wasiƙar nan inda jama'a za su gani, ko wata za ta karanta wa wata har ta iso kunnenki. In kin ji an ce mai ɗinkin bakin kasuwar Hunkuyi tana cigiyar Addarta mai nono, ke ce.

Shekara tara kina sauke ƙwaryarki a inuwar shagona. Bara kika kawo yadi, kika ce duk zanen da zan ɗinka miki ya zama mai duhu. Na matsa miki da tambaya, sai kika sunkuyar da kai kika ce jini ne yake zuwa ba a lokacinsa ba, wata huɗu ke nan.

Kin tuna tafiyarmu babban asibiti a Zariya? Likita ta ce sankara ce a bakin mahaifa, amma an kama ta da wuri, ba ta yi nisa ba. Kika riƙe hannuna har yatsuna suka yi tsami. Abu ɗaya kika ce: “A bar mini ɗakin ’ya’yana.” Aka bar miki. Ɗan wurin da ciwon yake kawai suka yanke.

Ranar sallama likitar ta ja mana kunne. Ta ce akwai ƙwayar cuta mai suna HPV, ita ke haddasa irin wannan sankara. Bayan wata shida a dawo a gwada. In ba a gan ta ba, alhamdulillahi. In tana nan, dole a sake leƙa wurin, don ba a so ta yi sabuwar ɓarna a ɓoye. Lambata kika bayar a rubuta a katinki.

Mun koma bayan an kawar da dawa. Da ɗan tsinke mai auduga wata nas ta ɗauki abin gwajin, ko minti biyar ba a yi ba. A tasha kika tambaye ni me nas ta ce, don ta yi maganar da sauri. Na dube ki, kin yi ƙiba, kina ta dariya da masu rake. Sai na ce, “Kin warke, Adda.”

Ba haka ta ce ba. Cewa ta yi a jira sakamako.

Da nas ɗin ta kira ni ta ce ƙwayar tana nan, ina tsakiyar ɗinkin biki. Na ce a raina ai ranar kasuwa za ki shigo, sai in gaya miki baki da baki. Kwana huɗu na jira. Kasuwa ta ci ta watse ba ki zo ba. Washegari na hau mashin zuwa rugarku ta bayan Likoro. Toka na tarar, da turakun maruƙa, da wani tsohon faifai. Manomin da ke kusa ya ce shekaranjiya kuka yi kudu da shanu, bai san ina ba.

Na zauna a kan kunyar gona na yi kuka, Adda. Da ban ce kin warke ba, na san halinki, da ba ki tafi ba sai kin biyo ta shagona.

Ki saurare ni da kyau. Ba a ce sankarar ta dawo ba. Na tambayi nas har sau uku. Ta ce wani lokaci jiki da kansa yake korar ƙwayar, wani lokaci kuma ba ya iyawa, ba kuma wanda zai sani sai an duba. Kada ki ce ba kya jin ciwon komai. Wancan karon ma ba ki ji ciwo ba.

Kada ki jira damina. Ki ce wa maigida ya sa ki a mota, ki sauka a gidana, ni zan raka ki. Ko ki shiga duk asibitin da ya fi kusa ki nuna musu katin. In fushi za ki yi da ni, ki zo ki yi shi a gabana, na cancanta.

Ya Allah, Kai ka san dajin da take. Ka kai mata wannan saƙo, ka tsare jikinta, ka dawo mini da ita da ƙafafunta. Ka yafe mini kalmar da na faɗa don in ga ta yi murna. Amin.

Ƙanwarki da ke zuba ido a hanya,
Rabi mai ɗinki, Hunkuyi.