Zuma a Cikin Garahunin Baba

Talata da dare, Tasawa

Yau na kai Baba likita. Babban yatsan ƙafarsa ya yi baƙi, har wari yake. Majo, ma'aikaciyar jinya, ta auna jininsa, ta dube ni ta ce, "Sukarin ya hau ƙwarai. Me yake sha?"

Na ce garahuni da sassaƙen danya. Tun damina ya aje ƙwayoyinsa, wai mai maganin Kona ya ce ɗaci ke kashe zaƙin jiki. Majo ta ce gobe a wuce da shi Maradi, ƙila a yanke yatsan.

Da muka dawo na iske Inna tana tace jiƙon. Sai na ga ta kwarara zuma a ciki.

"Inna, me ke nan?"

"Ba ya iya haɗiye shi haka nan, ɗiyata. Ai zuma ba sukari ba ce, magani ce."

Ashe kullum haka take yi. Akuyarta ma ta sayar saboda zumar nan.

Wallahi na gaji. Ina tsaye ina kallo ya shanye tas, ya sa mata albarka.