Ludayi a Ɗakin Mamaki

Daren Alhamis, watan Safar.

Kwana uku ina roƙon wani mai gahawa a garin nan da muke baƙunta ya bar ni in kawo matata Hajara da hantsi, kafin maza su cika wurin, ta ga ɗakin abubuwan mamakinsa ko kewar gida ta sake ta. Yau ya yarda, muka je. Ga busasshen kada, ga ɗan rago mai kai biyu. Har dariya ta yi, rabonta da yi tun azumi.

Sai mutumin ya ɗauko ludayin duma, wai kayan tsafin mutanen ƙasarmu ne. Ta dube ni ta ce, "Malam, da irinsa Inna take dama mana fura." Shayin da aka kawo mata ma ba ta taɓa ba.

Ni da na kai ta don ta manta da Kano. Tun magariba take tambayata yaushe masu komawa gida za su tashi.