Waƙar Ban Ruwa ta Inna

Yaya Zuwera,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na dame ki, ga hidimar gida ta ishe ki. Yaya Isaka da yara, yaya mutanen Goudel? Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Ni lafiya lau a nan Norwe. Ina ci, ina salla, ina barci. Tun rasuwar Inna dai ban yi kuka ba, ban san dalili ba.

Tsohuwar da nake jinya, Madam Runa, mawaƙiyar jaz ce. Ta zaga duniya da waƙa, daga baya ta koma tsara wa mawaƙa muryoyinsu. Yanzu numfashi ya gaza mata. Rannan ina yi mata wanka, ashe ina rera waƙar da Inna ke yi in tana ban ruwa a lambu. Ta ce, "Salamatu, sake." Na sake.

Jiya ɗalibanta mata suka zo suka rera ta da muryoyi kala-kala, da Zabarmanci kamar yadda Inna ke yi, sai dai nasu a karkace. Ita ta yi ta hawaye. Ni ina tsaye da tire, ina kallon shayi yana hucewa.

Tana son a ɗauki waƙar a faifai, ta zama aikinta na ƙarshe. Na ce ba tawa ba ce ni kaɗai. Kin san Inna ba ta taɓa yin ta gaban baƙo ba. In kin ce a'a, shi ke nan.

Likita ya ce jikin Madam Runa ya yi nisa. Don Allah, Yaya, ki amsa mini da wuri.

Ƙanwarki,
Salamatu